Kafin Mu Shiga Kasuwar Kayan Kicin

'Yata, tunda mahaifinki ya ɗora mini nauyin sayen kayan kicin ɗinki, kamar yadda aka saba gwaggo ce ke tsayawa a kan wannan, ina so ki ba ni aron hankalinki kafin a fitar da ko sisi. Na karanta jerin da kika aiko, na kuma san ba ke kaɗai kika rubuta shi ba; akwai bakin ƙawaye a ciki, akwai na hotunan da kuke kallo a waya. Ban ga laifinki ba. Kowace amarya tana so ranar da aka zo ganin ɗaki a leƙa kicin ɗinta a yaba. Sai dai 'yan ganin ɗaki yini ɗaya za su yi su watse, ke kuwa sau uku a rana za ki shiga wurin nan, da azumi da salla, da lafiya da laulayi. Don haka duk abin da za mu saya sai ya amsa mini tambaya biyu. Abincin da gidanki zai riƙa ci kullum yana bukatarsa? In an ɗauke wuta, zai yi aiki?

Abincin gidajenmu ba ɓoyayye ba ne. Da safe koko da ƙosai, ko shayi da burodi, ko ɗumame. Da rana shinkafa da wake da mai da yaji, ko dafa-duka, ko taliya, ko ɗanwake, wani lokaci dambu. Da dare tuwo: yau kuka, gobe kuɓewa, jibi taushe in kabewa ta samu. Waina da funkaso da alkubus na ranar Juma'a ne ko ranar baƙi. Ki ɗora wannan a kan abin gasa burodi mai baki huɗu da na'urar haɗa kofi da kika sa a sahun farko, ki gaya mini sau nawa hannunki zai kai kansu a wata.

Son a gani a yaba ba a kanku aka fara ba. Kakanninmu ƙorai masu zane da tasoshi suka jera. A zamaninmu langa da samiru da kwalla aka yi yayi, a ɗora su tun daga ƙasa har kusa da rufin ɗaki, daga baya aka koma tangaran a kabad mai gilashi. Amma waɗancan kwanonin ajiya ne. Dukiyar mace ce ta ƙashin kanta. In rana ta ɓaci, ko bikin ƙanwa ya taso, sai ta zare saiti ɗaya ta miƙa wa dillaliya ta karɓi kuɗinta, in kuma Allah ya rufa asiri ta adana wa 'yarta. Kayan lantarki ba haka suke ba. Tun ranar da aka fasa kwalinsu darajarsu take fara zubewa, in suka daɗe a ajiye robarsu ta bushe, kyankyaso ya yi gida a cikin injin, sabon yayi kuma ya fito ya bar ki da abin da ba mai taya shi.

Mu fara da tukunya. Ba yawanta ake nema ba, kaurin gindinta ake dubawa. Saitin nan masu sheƙi da ake cusawa ɗaya cikin ɗaya, in kin ɗaga kin ji sakayau, ki ajiye wa mai shi kayansa. Gindi marar kauri yana tara zafi wuri guda, daidai inda harshen wuta ke dukansa, shi ya sa shinkafa ke kamawa a tsakiya alhali ta gefe ba ta nuna ba. Tuwo ne ke tona asirin irin wannan tukunya. Kin yi talge, ya dahu, kin fara barbaɗa gari kina tuƙawa. Tukunyar kirki za ta zauna daram, hannun hagu ya danne ta da tsumma, na dama na juya muciya, ki shafe samansa, ki rufe, ki rage wuta, tuwon ya turara a hankali har ƙamshinsa ya fito tsakar gida. Marar nauyi kuwa bin muciya take yi tana rawa a kan murhu, kafin tuwon ya turara ƙasansa ya ƙone, ƙaurin ya ratsa har malmalar ƙarshe, kuma babu miyar da ke ɓoye ƙauri. Huɗu sun ishe ki a farkon zama: ta tuwo, ta miya, 'yar ƙarama ta ruwan shayi da dafa ƙwai, sai babba ta ranar da dangi suka cika gida.

Tukwanen alminiyam na zubi, irin waɗanda maƙera ke yi a Panteka ta Kaduna da Katako ta Yamai da nan cikin Kano, suna da kaurin da ake so, ga juriya, ga sauƙin kuɗi, kuma a cikinsu aka dafa abincin bikin kusan kowa. Sai dai daga tsofaffin ƙarafa ake narka su, gwangwanaye da sassan injin mota da duk abin da ya samu. Wani bincike da aka yi a kan irinsu a Kamaru a 2014 ya gano cewa dalma tana fita daga jikinsu, musamman in an dafa abu mai tsami. Dalma kuwa mu a Arewa mun yi mata mummunan sani: a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara saboda ƙurar duwatsun zinariya masu dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Abin da ke fita daga tukunya bai kai wannan ba ko kusa, amma dalma taruwa take yi a jiki, kuma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ta fi yi wa illa. Saboda haka zoɓo da kunun tsamiya da miyar yakuwa da ta tumatur, a cikin tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa za ki riƙa yin su, wanda 'yan kasuwa ke kira sitenles. Ta zubi a bar ta ga ranar taro, kuma kada abinci ya kwana a cikinta. Tukunyar ƙasa ma kada ki raina ta. Miyar kuka da ta kwana a cikinta ba ta da na biyu, kuma matar da hotonta ke bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, ginin tukwane ne ya kai ta can.

Kasko biyu: mai zurfi na ƙarfe don ƙosai da doya da nama, da mai baƙin shafen nan da ba ya kama abinci don ƙwai. Na biyun ba ya shiri da cokalin ƙarfe ko soson waya, kuma ranar da kika ga shafen ya fara ɓarewa aikinsa ya ƙare.

Akwai ƙananan abubuwa da ba ki rubuta ko ɗaya ba, alhali su ne hannunki zai fi sabawa da su. Muciya, babba da ƙarama. Maburgi, don ba abin da ke kaɗa kuka ta fita sumul ba gudaji kamarsa. Mara ta kwasar tuwo, ludayi, matsamin tsame ƙosai, rariyar tankaɗe, abin tatar gasara, kwandon tsane shinkafa da taliya, faifai, madambaci. In an haɗa kuɗinsu gaba ɗaya da wuya su kai na na'ura guda a cikin jerinki. Wuƙa kuma biyu ake bukata, ba jerin nan goma sha biyu da ake sokewa a katako ba: babba ta nama da kabewa, ƙarama ta albasa da feraye. Ki riƙa wasa su, don dakusasshiyar wuƙa ce ke zamewa daga bayan albasa ta sauka a yatsa. Katakon yanka ma biyu, ɗaya na ɗanyen nama da kaza da kifi, ɗaya na latas da tumatur da duk abin da za a ci ba tare da ya ga wuta ba. Ciwon ciki da yawa da ake ɗora wa ruwa ko sauyin yanayi daga katako ɗaya yake tasowa.

Yanzu ga inda na san za mu ja da ke: turmi. Na ji 'yan matan yanzu na cewa bilenda ta kashe masa kasuwa. Ba ta kashe ba, don aikinsu ba ɗaya ba ne. Bilenda yanka take yi da wuƙaƙe masu gudu, kuma ba ta tafiya daidai sai an ba ta ruwa. Turmi murƙushewa yake yi, ya fasa abu ya fito da mansa da ƙamshinsa ba tare da ɗigon ruwa ba. Ki jefa daddawa da citta da masoro da barkono da ɗan gishiri a ƙaramin turmi, ki daka har su kama jikinsu, ki kankare da cokali ki zuba a ruwan miya; maƙwabta sai sun san abin da kika ɗora. Ki zuba waɗannan a kofin bilenda ki gani, daddawar mannewa za ta yi a ƙarƙashin wuƙa, sai kin tsuga ruwa kafin ta motsa. Haka jajjagen attarugu da albasa na dafa-duka ko na miyar ganye, ana son sa da ɗan tsaki-tsaki, a gan shi a cikin abinci, bilenda kuwa ƙiftawar ido ya ishe ta ta mai da shi ruwa. Kirɓin fura, sakwara, surfen gero, dakan yajin jego in Allah ya kawo rabo, duk turmi ne. Za mu nemi na kirya, don icce ne mai tauri da ba ya saurin tsagewa. A duba bakinsa da gindinsa kada a samu tsaga, a ɗaga a ji nauyi. Kafin ki fara abinci a ciki ki daka dusa ki zubar, ta kwashe ɓarɓashin sassaƙa. In kin wanke ki kife shi a inuwa, rana da kwantaccen ruwa ne ke kashe turmi. In gidan bene aka kai ki, da mutane a ƙasanki, ƙarami ya ishe ki, ki ninka buhu ki sa a ƙarƙashinsa don haƙƙin maƙwabtaka.

Ba wai na ƙi bilenda ba ne. Za mu saya, kuma mai kyau za mu saya, don ta raba mata da wahala mai yawa. Ke ba ki san aiken yaro injin markaɗe kullum ba, ya bi layi, a zuba kayan miyarki a bayan waken wata, wani lokaci markaɗen ya dawo da baƙi-baƙin ƙarfe in ba a daɗe da wasa haƙoran injin ba. Abu uku za a duba. Na farko ƙarfin injinta, wanda ake rubutawa da wat a gindinta ko a jikin kwali. Ƙananan nan masu wat 300 ko 350 na markaɗa kankana da ayaba ne. Aya da wake da jiƙaƙƙiyar shinkafar waina suna son mai 600 zuwa sama, kuma irin ta Indiya mai kofunan ƙarfe ta fi dacewa da mu, don tana da ƙaramin kofi na busassun kayan yaji. Na biyu, irin wutar da take sha. Tamu 220 ce zuwa 240, ta Amurka 110 ce zuwa 120. Na ga amaryar da yayanta ya aiko mata da bilenda mai tsada daga can, aka jona a gaban mutane ana murna, ƙara ɗaya ta yi hayaƙi ya tashi. Kayan gwanjo musamman sai an karanta wannan rubutun. Na uku, a tambayi mai shago ko yana da kayan gyaranta, don 'yar robar da ke haɗa kofi da inji ita ce ke fara cinyewa, kuma na san bilenda da yawa lafiyayyu da aka jingine saboda ita kaɗai. In kin kunna kada ki bar ta tana ta kuka, ki riƙa ba ta hutu. In kin ga ƙwan lantarki ya yi ja, wuta ta yi ƙasa ke nan, ki haƙura da ita har ta dawo daidai.

Wurin ƙosai ne take ba mata kunya. Ƙullun ƙosai kauri yake so, ita kuwa ruwa take nema, sai mace ta yi ta ƙarawa don wuƙa ta juya, a ƙarshe ƙosan ya baje a kasko ya sha mai. Ki markaɗa kaɗan-kaɗan, ruwa cokali-cokali, in kin gama ki juye a kwano ki buga da muciya har ƙullun ya yi haske ya tashi. Iskar da bugun ya shigar ce ke sa ƙosai ya taso saman mai ya yi laushi a ciki. In na mutane da yawa ne, kamar na buɗa-baki da za a kai masallaci, kada ki wahalar da ita, a kai inji. A gefenta kuma za mu sa magogi na kuɓewa da karas da kwakwa, da ɗan abin jajjagen nan na hannu mai igiya da ake ja. Ba su da tsada, ba ruwansu da NEPA.

Maganar wutar ce ta sa zan tsallake rabin jerinki. Kin dai ga abin da ya faru a watan Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda a duhu. In akwai wutar ma ba kyauta ba ce. A watan Afrilun shekarar aka kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga unguwannin da aka sa a rukunin farko. Duk abin da ke yin zafi da lantarki cin wuta gare shi. Butar dafa ruwa tana jan wat wajen 2000, rishon lantarki 1000 zuwa 1500, kuma abu mai wat 1000 in ya yi awa ɗaya a kunne yunit guda ya tafi. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsu. Don haka maikurowef da tosta da tukunyar shinkafa ta lantarki da injin sakwara da abin suyan nan mai hura iska mai zafi, duk su jira. Ki zauna a gidan 'yan watanni, ki san halin wutar unguwarku, ki san abin da maigidanki ke so a bakinsa. Wanda kika ga rashinsa yana damunki, lokacin za ki saya da saninki.

Abu ɗaya na zamani da zan tsaya miki a kansa ko da za a rage wani, shi ne tukunyar firesha, kuma ba ya cikin abin da kika rubuto. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce zafin digiri 100 komai yawan wutar da kika hura. In ya tafasa, ƙarin wuta ɓarnar gas ce kawai. Ita wannan murfinta kullewa yake yi ya tsare tururi, zafin ya haura zuwa wajen 120. Waken da ke cin fiye da awa ɗaya sai ya nuna cikin minti ashirin da 'yan kai. Ganda, ƙafar saniya, kan rago, kayan ciki, tsohuwar kaza da a da sai an yini a kanta, duk ta sauƙaƙa su, kuma ta raba ki da zabga kanwa a wake don ya yi saurin laushi. Gas ɗin da za ta rage miki shi zai biya kuɗinta. Mata da yawa na tsoronta don sun ji labarin wadda ta fashe, amma in kin bi diddigi za ki tarar ko dai ƙofar fitar tururin ce ta toshe, ko an buɗe ta da ƙarfi kafin ta huce. Kada ki cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, in wake ne kuwa rabi, don kumfarsa na iya toshe ƙofar. Kafin ki rufe ki ɗaga murfin sama ki leƙa 'yar ƙofar, ki tabbata kina hango haske. Zoben robar da ke cikin murfi in ya saki ko ya tsage a canza shi. In kin sauke, ki jira hucinta ya tsaya cak, murfin zai buɗu da kansa ba tare da kokawa ba. Ba a tuwo ko kunu ko suya a cikinta. Sabuwa za mu saya, wannan ba abin ɗauka a gwanjo ba ne.

Kula za ki bukata, biyu ko uku masu kyau, da filas na ruwan zafi. Maigida zai yi dare, baƙo zai faɗo, ga sahur. Ki ɗauraye kula da ruwan zafi kafin ki zuba abinci, za ta fi riƙe ɗumi, amma kada ki mai da ita wurin kwanan shinkafa; abincin da ya daɗe da ɗumi-ɗumi shi ya fi saurin lalacewa. Tuwo kuma ki saba da kwashe shi a mara ki jera a kula, ki rage naɗe shi da zafinsa a leda. Robobin ajiyar gari da shinkafa da gishiri masu murfi za mu ɗebo a Ƙofar Wambai. Jarka ko bokitin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko fenti kuwa, komai wankin da aka yi masa, kada ya shigo miki kicin.

Firij abu ne mai amfani in da wuta, ba na musu. Amma ina so a kai miki randa, kuma ina so ki san dabarar da wani malami a Dutse ta jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa a ƙauyuka har ta kai shi ga samun kyautar Rolex a 2000. Tukunyar ƙasa ce ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan miya a ta ciki, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin ta waje yana bushewa, yana tafiya da zafi, cikin ya yi sanyi. A gwajin da ya yi, yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatur da barkono suka yi wajen mako uku. A inuwa ake ajiye ta inda iska ke ratsawa, a jiƙa yashin safe da yamma. Ta fi aiki da rani da bazara, lokacin da iska ke bushe, daidai lokacin da tumatur ke narkewa a kwando. Ba ta nama ko kifi ba ce, amma ga mai sayen kayan miyan mako ta wadatar.

Tandar waina da injin taliya su ma zan sa, ko da ba ki nema ba, don su ba kayan girki ne kaɗai ba. Na san mata da yawa a cikin lungunanmu da taliya 'yar murji da wainar safe suka biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta, suna daga cikin ɗakinsu. Ba fata nake miki ba, mijinki Allah ya buɗa masa. Amma mace da abin sana'a a kusa da hannunta hankalinta ya fi kwanciya.

Kin san abin da mahaifinki ke samu, kin san akwai ƙannenki mata a bayanki. Na ga gidajen da aka sayar da gona, na ga inda aka ci bashin da har amarya ta yi haihuwar fari ba a gama biya ba, duk don kada dangin ango su raina. Wanda zai raina ki saboda babu tosta, in kin kawo tostar ma zai sami abin da zai faɗa. Araha ba ta ado, gaskiya ne, shi ya sa 'yan abubuwan da na lissafa miki ba za mu tsaya neman na banza ba, masu ƙwari za mu ɗauka. Abin da ya ragu a hannu gara ya tafi ga gara da abin da za ki riƙe na kanki.

Saura wutar girki, kuma a nan nake so ki fi natsuwa. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016 risho ya zama na mai hali, ga kananzir ɗin da ake gaurayawa da fetur wanda ya ƙona mata da yara ba adadi. Gas za mu saya, mai kai biyu na kan tebur, da silinda mai kilo 12.5 da ƙarama ta ko-ta-kwana, don gas ba ya sallama in zai ƙare. Kurfoti ma a ajiye, akwai ranar gawayi. Amma gawayi a waje ake hura shi, a waje ake girki da shi. Yana fitar da wata iska marar wari marar launi, wadda ke sa mutum barci ya zarce daga nan, kuma da hunturu ne ake samun iyalan da suka shigar da garwashi ɗaki don jin ɗumi aka wayi gari babu su. Hayaƙin icce da gawayi da kananzir a rufaffen wuri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen miliyan uku a shekara. Kicin ɗinki ya kasance da taga, kuma ki riƙa buɗe ta.

Shi gas a asalinsa ba shi da wari, da gangan ake sa masa warin nan don a gane in yana zuba. Ya fi iska nauyi, saboda haka ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya ya taru. In kin shigo kin ji warinsa, kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. Ki rufe kan silinda, ki wangale ƙofa da taga, ki fitar da kowa waje har warin ya tafi. Silinda a tsaye take zama, nesa da zafi, in da hali a bayan bango a huda wa tiyo hanya. Ki riƙa duba tiyon, yana tsagewa in ya tsufa, ɓera ma na cin sa. In kan gas ɗinki na ashana ne, ashana ake fara ƙyastawa kafin a murɗa. Kada ki tsaya gaban wuta da hijabi ko mayafi yana reto. In mai ya kama da wuta a kasko, kada ki kuskura ki watsa ruwa, ki kashe gas ki kifa murfi a kai. Kowane dare kafin ki kwanta ki rufe kan silinda, ko da kin gaji, ko da kin riga kin hau gado ki sauko.

Ranar da za a je jere, wanda zai haɗa miki gas ɗin ya haɗa a gabanki, ba a bayan idonki ba. Ki kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, ki shafa a bakin silinda da duk mahaɗar tiyo, ki tsuguna ki duba da kyau. In kin ga kumfa na hurowa, yana zuba ke nan, kada a kunna sai an gyara. Haka za ki riƙa yi duk sanda aka dawo da silinda daga ɗuri. Wannan kam roƙonki nake yi, 'yata, ki kuma koya wa duk yarinyar da za ta riƙa taya ki aiki.